Bin sawun bakteriya a fura da nonon Sakkwato: kundin aiki

Litinin, 10 ga Fabrairu, 2025

Dakta, malamin da ke duba aikina, ya sa hannu a tsarin aikin, daga yau komai zai riƙa shiga wannan kundi. Tambayar da nake bi gajeriya ce: waɗanne ƙwayoyin bakteriya ne ke cikin fura da nonon da ake sayarwa a gari, kuma a wane mataki suke shiga? Yawancin ayyukan ɗalibai da na karanta damammiyar fura suke ɗauka, su shuka, su jero sunaye, su rufe da cewa nono ba shi da tsabta. Ban gamsu da hakan ba. Tsakanin ƙwaryar da ta taso daga ruga da kofin da ya kai bakin mai sha akwai ruwa, akwai ƙanƙara, akwai ludayi, akwai hannu. Don haka a wurin kowace mai nono samfuri biyu zan karɓa, nono zalla kafin a taɓa shi, da wanda aka riga aka dama.

Yau ba a taɓa ƙwaya ko ɗaya ba, abincinsu kawai muka dafa. Aga ake kiransa, abinci mai daskarewa a faranti da ake shuka ƙwayoyi a kai. Aga ta gama-gari giram 28 a lita ɗaya, sai MacConkey, sai EMB, sai aga mai gishiri da manitol. Duka suka shiga tukunyar matsi a kan digiri 121 na minti 15, kuma lissafin mintin yana farawa ne daga lokacin da allura ta hau, ba daga lokacin da aka kunna wuta ba. Aga ta SSA, wadda ake neman *Salmonella* da ita, ita ba ta shiga tukunya, tafasa ta kawai ake yi, zafin matsi yana lalata ta. Ana jira ta huce zuwa wajen digiri 45 ko 50 sannan a zuba a faranti.

Ƙurar hunturu ba ta gama sauka ba. Malamin lab ya sa aka rufe tagogi, aka kashe fanka, muka yi zubi kusa da harshen wuta. Farantan za su kwana a inkubeta ba tare da an shuka musu komai ba, wanda ya fito da tsiro gobe sai kwandon shara.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Masu nono suna shigowa da hantsi daga ƙauyukan wajen Dundaye, Kware da Wamakko. Na bi su a Mabera, Gawon Nama, Runjin Sambo da Arkilla. A kundin nan lamba kawai za a gani, N ga nono zalla, D ga damamme. Wace lamba ce ta wace unguwa, wannan ya tsaya tsakanina da Dakta.

Wata dattijuwa ta dubi 'yar kwalbar da na miƙa mata, ta dube ni.

"Ɗana, wanga ɗan nono mi za ya yi maka? Kawo kwano in cika ma."

"Inna, ba sha zan yi ba. Makaranta zan kai a duba."

"A duba mi? Ko an ce muna sa wani abu?"

Sai da na zauna na yi mata bayani cewa ba sunanta a takarda, ba na kowa. Ta ce ita tana dafa madararta kafin ta zuba iri ta rufe da faifai ta kwana, haka ta gani wurin uwarta. Ta ɗebo da ludayinta ta cika kwalbar, ta ƙi karɓar kuɗin wannan ɗin, sai na damammen.

Kwalabe a cikin kula mai ƙanƙara, kula a kan cinya, ni a bayan kabu-kabu, muka isa lab kafin awa biyu. Takardar awon tsami ta nuna nono zalla yana wajen pH 4, damamme ya ɗan haura, wato tsaminsa ya ragu, don ƙaramar lamba ce ke nufin tsami mai yawa. Na tsarma mililita 1 a cikin mililita 9 na ruwan fefton, daga nan na riƙa ɗaukar ɗaya ina kaiwa cikin tara na gaba, domin farantin da ake iya ƙirgawa shi ne mai ɗigo 30 zuwa 300. Wani kaso kuma ya shiga romon selenait, wanda ke danne sauran ƙwayoyin hanji na ɗan lokaci ya ba *Salmonella*, ƙwayar da wani nau'inta ke kawo taifot, damar yaɗuwa idan tana nan.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Farantan sun yi magana. A kan MacConkey, duk ƙwayar da ta ci sukarin madara, wato laktos, tana fitar da asid, ɗigonta ya koma ruwan hoda. Na ga iri biyu: busassu masu shimfiɗaɗɗen kai, da manya masu ƙyalli da yauƙi, waɗanda in ka taɓa da waya zare ke biyo ta. A kan EMB wasu sun yi baƙar tsakiya da sheƙi tsanwa in an karkata farantin ga haske. A aga mai gishiri, wadda ke da gishiri kashi 7.5 cikin ɗari don korar mafi yawan ƙwayoyi, wasu ɗigo sun mayar da jan da ke kewaye da su rawaya.

Abin da ya fi fitowa fili tun yanzu: farantan MacConkey na N kusan wayam suke, na D kuwa wasu sun cika har ba ƙirguwa sai a tsarmi na gaba.

Wani abokin karatu ya leƙo ya ga sheƙin nan ya ce, ai ga *E. coli* nan, rubuta kawai. Ban rubuta ba. Sheƙin yana cewa ƙwayar ta zubar da asid mai yawa, iyakar abin da yake cewa ke nan.

Sauran yinin ya tafi a tsarkake shuka. Kowane ɗigo da na zaɓa, na ɗauke shi shi kaɗai, na ja shi a sabon faranti, gobe in sake ɗaukar ɗaya daga cikin 'ya'yansa. Aiki ne mai gundura, amma duk gwajin da ke gaba an gina shi ne a kan cewa ƙwaya iri ɗaya ce a cikin kwalba. Idan *E. coli* da *Klebsiella* suka shiga kwalba tare, kowace za ta amsa tambayar da ta iya, a tashi da sakamako mai kyan gani na wata halitta da babu ita a duniya.

Talata, 18 ga Fabrairu

Rinin Gram. Tun 1884 likitan nan ɗan Denmak, Hans Christian Gram, ya fito da shi, har yau da shi ake buɗe ƙofa. Shunayya minti ɗaya, aidin minti ɗaya, wanki da giyar lab na 'yan daƙiƙu, sannan jan safranin. Masu kaurin bango suna riƙe shunayya, masu siririn bango su sake ta su ɗauki ja. Matakin wankin nan shi ne wurin da hannu ke aiki. A daɗe kaɗan, kowa ya koma ja. A gaggauta, kowa ya zauna shunayya. Don haka a kowane gilashi na sa ƙwayoyin shaida biyu a gefe, *Staphylococcus aureus* ATCC 25923 da *E. coli* ATCC 25922, waɗanda an san launin da ya kamata su bayar.

Daga MacConkey, gajerun sanduna jajaye. Daga aga mai gishiri, ƙulalai shunayya a cure wuri ɗaya. Daga nono zalla kuwa, abin da ya cika madubi dogayen sanduna ne shunayya da ƙulalai a jere.

Gwajin katales ya raba su nan take. Ɗigo ɗaya na haidurojin feroksaid mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari a kan gilashi, a goga ƙwayar a ciki. Mai wannan inzayim, wato sinadarin da ƙwaya ke farfasa abu da shi, tana fasa ruwan ya zama ruwa zalla da iskar oksijin, sai kumfa ta taso. Curarrun ƙulalan sun yi kumfa, dangin *Staphylococcus* ke nan. Dogayen sandunan nono shiru. Waɗannan su ne masu gidan, ƙwayoyin da ke mayar da laktos asid su sa madara ta yi tsami ta kama jiki. Tsamin da suke yi ne ke hana baƙi sakewa, kuma ina ganin shi ya sa farantan N suka fito wayam.

Gwajin oksides, wani inzayim ɗin daban, ya so ya ba da matsala tun kafin a fara. Sinadarin da ke cikin firji ya riga ya yi shuɗi-shuɗi da kansa, iska ta taɓa shi. Malam ya ɗaga kwalbar ga taga ya ce, "Wagga ta mutu," ya haɗa sabo na kashi 1 cikin ɗari. Ba a amfani da wayar nikurom a nan, ƙarfen yana iya kawo launin ƙarya, da tsinken sakace da aka dafa muka yi aiki. Kuma ba daga MacConkey ake ɗauka ba, daga aga ta gama-gari. Ƙwayar shaida, *Pseudomonas aeruginosa* ATCC 27853, ta rine takardar shunayya cikin daƙiƙa 10. Jajayen sandunana ba wadda ta rine ta, abin da ake tsammani daga dangin ƙwayoyin hanji.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Ruwan jinin zomo na gwajin kowagules, wanda ke nuna *S. aureus* idan ƙwayar ta daskarar da shi, bai iso ba. An ce mako mai zuwa. Na mayar da masu gishiri kan aga mai gangare na sa a firji.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Makon IMViC. Gwaji huɗu ne da ake yi tare, kuma duk huɗun abu ɗaya suke bincike ta fuska daban-daban: me ƙwayar ke iya ci, me take zubarwa bayan ta ci.

Indol ya fi sauƙin karatu. Ƙwayar ta kwana a romon tiriftofan. Idan tana da inzayim ɗin da ke farfasa shi, indol zai taru a ciki. A zuba ɗigon sinadarin Kovacs a hankali ta jikin kwalba, ya tsaya a sama, sai jan zobe ya bayyana kafin ka ajiye abin ɗigawar. Idan babu, zoben ya zauna rawaya.

Na biyu da na uku daga romo ɗaya suke fitowa, mai gulukos da fosfet, kuma suna nuna hanyoyi biyu da ƙwayoyin hanji ke bi da sukari. Wasu, irin su *E. coli*, suna zubar da tarin asid iri-iri har su rinjayi fosfet ɗin, pH ya faɗi zuwa 4.4 ko ƙasa, ɗigon metil red ya zauna ja. Wasu kuma, irin su *Klebsiella* da *Enterobacter*, da farko su ma asid suke yi, daga baya su juya shi zuwa asetoyin da butandiyol waɗanda ba su da tsami. Abin da ya sa ba a karanta metil red kafin awa 48 ke nan. A awa 18 kusan kowa ja ne, wanda zai juya bai juya ba tukuna. Na ga masu gaggawar kare aiki suna karantawa washegari, su samu kowa fozitif, su yi ta mamakin tebur.

Gwajin VP, na Voges da Proskauer, Jamusawa biyu da suka lura da launin tun 1898, shi ke kama asetoyin ɗin. Ana fara sa alfa-naftol mililita 0.6, sannan fotasiyam haidiroksaid mai ƙarfin kashi 40 cikin ɗari mililita 0.2, a jere haka ba a juyawa. A girgiza sosai, a bar kwalbar buɗe don iska ta shiga, domin sai da oksijin launin ke fitowa. Minti 15 na farko babu abin gani. Daga nan ja ya fara sauka daga saman ruwan. Akwai wani launin jan ƙarfe da ke fitowa idan an bar kwalba ta wuce awa ɗaya, wannan ba a lissafa shi.

Sitiret na Simmons kore ne, babu wani abinci a cikinsa sai sitiret. Mai iya rayuwa da shi kaɗai za ta tsiro, ta mayar da yanayin wurin na kanwa, kishiyar tsami, koren ya koma shuɗi. Da bakin allura ake shafawa sama-sama. Aka loda ƙwaya da yawa, guzurin da ta taho da shi daga tsohon faranti zai iya sa ta yi ɗan tsiro ta ruɗi mutum.

Sakamako, a jerin indol, metil red, VP da sitiret: busassun masu sheƙi sun ba da + + − −, tsarin *E. coli*, kuma ƙwayar shaida ta ba da irinsa. Masu yauƙi sun ba da − − + +. A nan *Klebsiella pneumoniae* da *Enterobacter* suka yi kunnen doki, sai gwajin motsi ya raba. Na soka allura tsaye a aga mai taushi. Mai yawo tana bazuwa ta gurɓata kewayen layin, marar yawo ta tsaya a kan layin sukar. Mafi yawansu sun tsaya, *Klebsiella* ba ta da bulalar iyo. Ɗaya mai yauƙi ta ba da indol ja tare da sitiret shuɗi. Kafin in kira ta *Klebsiella oxytoca*, wadda aka san ta da haka, na sake ja ta a faranti don in tabbata ba biyu ba ne a haɗe. Ɗigo iri ɗaya ne suka fito.

*E. coli* a abin sha magana ce mai nauyi, domin mazauninta hanji ne, na mutum ko na dabba. Tun 1885 da Theodor Escherich ya bayyana ta daga kashin jarirai aka san haka. Mafi yawan nau'inta ba sa cutarwa, amma ganinta na nufin hanyar da ta biyo a buɗe take ga wanda ya fi ta sharri. Duk waɗanda na samu zuwa yau daga kwalaben D suke.

Litinin, 3 ga Maris

An ɗauki azumi ranar Asabar bayan sanarwar Sarkin Musulmi. Aiki ya koma daga bayan asuba zuwa azahar.

Daga romon selenait na shuka a SSA, samfura biyu suka fito da ɗigo marasa launi masu baƙar tsakiya, D4 da D9. Jiya na sa su a TSI, yau na buɗe inkubeta na tarar da gindin kwalaben biyu baƙi ƙirin. Kafin in zauna labari ya zaga lab cewa an samu ƙwayar taifot a fura.

TSI kwalba ɗaya ce mai gangare a sama da gindi a ƙasa, da sukari uku a ciki: gulukos kashi 0.1 cikin ɗari, laktos kashi 1, sukuros kashi 1. An rage gulukos da gangan. Ƙwayar da shi kaɗai take ci tana cinye shi cikin 'yan awoyi, sai ta koma kan fefton a gangare inda akwai iska, gangaren ya koma ja, gindi ya zauna rawaya. Mai cin laktos ko sukuros tana da abinci ninki goma, sama da ƙasa duk rawaya. Iska kuma tana tsaga agar ko ta ɗaga ta. Baƙin yana fitowa ne idan ƙwayar ta fitar da haidurojin salfaid ya haɗu da ƙarfen da ke cikin agar. Ana karantawa tsakanin awa 18 da 24, murfi a sassauce.

D4 da D9 duka jan gangare, baƙin gindi, da tsaguwa. Haka *Salmonella* ke yi. Haka *Proteus mirabilis* ke yi. Haka wasu *Citrobacter freundii* ke yi. Ita kuwa *Salmonella* Typhi mai kawo taifot, baƙinta ɗan kaɗan ne a kan layin suka, kuma ba ta fitar da iska. Wato ko *Salmonella* ce a kwalaben nan, ba ta taifot ba ce.

Malam ya zo ya tsaya a kaina.

"Mi kag gani?"

"Baƙi, Malam, da iska."

"To rubuta baƙi da iska. Wagga kwalba ba ta gaya maka suna ba."

Laraba, 5 ga Maris

Yuriyes. Agar Christensen, wadda aka fito da ita a 1946, tana da wata ƙa'ida: yuriya ba ta shiga tukunyar matsi, zafi na farfasa ta. Ana tace ta daban a zuba bayan agar ta huce. Ƙwayar da ke da inzayim ɗin tana fasa yuriya ta fitar da amoniya, launin ya tashi daga ruwan lemo-lemo zuwa ruwan hoda mai ƙarfi.

Na shuka da ƙarfe bakwai na safe. Kafin azahar D4 ta rine gangaren duka. *Salmonella* ba ta da yuriyes, ta fita daga lissafin D4. Na ɗiga ta a tsakiyar aga ta gama-gari, wadda ba ta da gishirin ɗaci da ke taka mata burki a MacConkey da SSA, washegari ta mamaye farantin zobe bayan zobe kamar an jefa dutse a tafki, ga wari mai hawa kai. Indol bai kama ba. *Proteus mirabilis*.

D9 ba ta canja launi ba. Ita ce ta rage.

Laraba, 12 ga Maris

Ruwan jinin zomo ya iso. An ba ni shawara tun makon jiya in yi amfani da na mutum daga ma'ajiyar jini kamar yadda wasu ke yi, na ƙi. Na mutum yana iya ɗauke da maganin da mai shi ya sha ko garkuwar jikinsa, kuma idan da sitiret aka hana shi daskarewa, ƙwayar da ke cin sitiret tana iya sa shi ya daskare ba don kowagules ba.

Na yi na gilashi da na kwalba. Na kwalba ana duba shi a cikin awa huɗun farko a digiri 37, a karkata a hankali ba girgizawa, wanda bai kama ba a bar shi ya kwana a waje. Dole a leƙa da wuri, don wasu *S. aureus* suna narkar da gudan da suka yi da kansu, mai zuwa da safe kawai ya tarar da ruwa ya ce negetif. Wasu daga cikin masu mayar da manitol rawaya sun daskarar, wasu ba su yi ba. Rawayar kaɗai ashe da ta yi mini ƙarin suna.

Wannan ƙwaya a hanci da fatar mutane masu lafiya take zama, tana kuma fitowa daga hantsar saniya mai ciwo. Wasu nau'inta suna zuba guba a abinci wadda tafasa ba ta kashewa, mai sa amai cikin awa 1 zuwa 6. Kowagules yana nuna ƙwayar ce kawai, bai nuna ta yi gubar ba, kuma haka zan rubuta. A nan an samu ɗaya daga N.

Alhamis, 20 ga Maris

Zafi ya shigo da ƙarfinsa. Inkubetarmu ɗumamawa kawai ta iya, ba ta sanyayawa. An saita ta a 37, amma idan ɗakin kansa ya wuce haka, ba ta da yadda za ta yi. Ma'aunin zafin da na tsoma a kwalbar ruwa a cikinta ya nuna 40 da la'asar. Gangaren TSI biyu sun bushe sun tsage, tsagar da mai gaggawa zai karanta a matsayin iska. Muka ja inkubetar zuwa ɗakin ciki da ba shi da taga ta yamma, muka sa tasar ruwa a ƙasanta, shuka kuma ta koma yamma don yawancin tsiron ya faɗo cikin dare. Ga ɗauke wuta, ga firji da ake buɗewa kowane minti. Sinadaran da ba sa son zafi yanzu a kula suke kwana.

Na yi zagaye na biyu na samfuri a makon nan, da gangan a cikin azumi. Daga la'asar zuwa shan ruwa cinikin fura ya ninka, ƙanƙara ta yi tsada, ana saye daga duk inda aka samu, a fasa ta a kan buhu ko benci a watsa a ƙwarya. Wasu masu shago da injin markaɗe suke damawa, ana ɗauraye jug ɗin a bokiti ɗaya tun rana. Tsarin bai canja ba: N shiru a MacConkey, D cike.

Waɗanda na kira *E. coli* na ƙara musu gwaji ɗaya a tukunyar ruwan ɗumi a digiri 44.5. A wannan zafin ta ci gaba da cin laktos tana tara iska a 'yar kwalbar Durham, tana kuma ba da indol, yawancin danginta na ƙasa da ruwa ba sa iyawa. Duka sun tsallake.

Alhamis, 27 ga Maris

D9. Indol babu, metil red ja, VP babu, sitiret shuɗi, tana motsi, baƙi a TSI, yuriyes shiru. *Salmonella* da *Citrobacter freundii* duka suna iya sa wannan riga. Abu biyu ke raba su. *Salmonella* tana cire kabon daga laisin, *Citrobacter* ba ta yi. *Citrobacter* kuma tana da inzayim ɗin fasa laktos ko da tana jinkirin amfani da shi, abin da gwajin ONPG ke tonawa.

Romon laisin shunayya yake farawa. Ana rufe samansa da man farafin don hana iska. Da farko ƙwayar ta ci ɗan gulukos ɗin ciki ya koma rawaya, idan tana da inzayim ɗin sai ta dawo da shi shunayya. Ana ajiye kwalba ta biyu marar laisin a gefe, wadda dole ta zauna rawaya, in ba haka ba gwajin ya ɓaci. Na ba ta kwana huɗun da ƙa'ida ta ce. Rawaya ta shiga, rawaya ta zauna. ONPG kuwa ya rine rawaya tun ranar farko, shi a wurinsa rawaya ce fozitif. *Citrobacter freundii* ce, gwargwadon abin da waɗannan gwaje-gwaje ke iya kaiwa.

Na kai wa Dakta teburin. Ya daɗe a kan layin D9.

"Ka san da *Salmonella* ce da aikinka ya fi jan hankali a wurin kariya."

"Na sani, ranka ya daɗe. Laisin ne ya ƙi."

Ya yi dariya ya ce in bar shi yadda yake. Ko da laisin ya kama, in ji shi, ba za mu rubuta *Salmonella* kai tsaye ba sai an haɗa ta da ruwan garkuwa na O an ga ta cure. Ya kawo maganar API 20E na kamfanin bioMérieux na Faransa, ɗan faifan roba mai ƙananan gwaji 20 da ke ba da lamba bakwai a duba a kundinsu. Gwaje-gwajen da nake yi ne aka ƙanƙanta, sai dai an fi daidaita su. Kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi a yi wa kowace ƙwaya, amma za mu nema wa D9 da *oxytoca* ɗin nan. Manyan dakunan gwaji a duniya yanzu sun koma na'urar MALDI-TOF, mai karanta sunadaran jikin ƙwaya ta ba da suna cikin mintuna. Ko ita sai an ba ta tsarkakakken ɗigo.

Abin da ke damuna da yadda ake rubuta irin wannan aiki shi ne saurin sa suna. Baƙin gindi ɗaya, sai a buga cewa an samu taifot a nonon gari, maganar ta fita daga makaranta ta shiga waya, matan da ke tafiyar kilomitoci da ƙwarya a ka su rasa ciniki a kan abin da kwalba ba ta faɗa ba. *Proteus* da *Citrobacter* ma ba abin yabo ba ne a abin sha, alamar ƙazanta ce, kuma zan faɗe ta da sunanta.

An tashi hutun salla.

Talata, 8 ga Afrilu

An yi salla ranar Lahadi 30 ga Maris, mun dawo jiya. Ƙwayoyin da na bari a gangare a firji sun rayu, na sake ja su don tabbatar da tsarki, na kuma zuba kowace a romo mai gilisarin na kai firiza a wani sashe da ke da sola.

Dakta ya amince a faɗaɗa aikin zuwa ruwan damu da ƙanƙara, tunda bambancin N da D can yake nuni. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu *E. coli* ko ɗaya a mililita 100 na ruwan sha. Ba mu da matatar da ake tace ruwan da ita, don haka hanyar kwalabe da yawa za mu bi, romon MacConkey da 'yan kwalaben Durham, a ƙirga waɗanda suka yi asid da iska a duba tebur. Zan kuma goge ludayi da jug ɗin injin da auduga mai tsinke, in masu su sun yarda.

Sai gwajin magunguna ta hanyar Kirby da Bauer ta 1966. Agar Mueller-Hinton mai kaurin milimita 4, ƙwaya a tsarma ta daidai da ma'aunin McFarland 0.5, a shafe farantin, a ɗora faya-fayan magani, a auna da'irar da ta hana tsiro bayan awa 16 zuwa 18. Na yi odar amfisilin, sifurofuloksasin, jentamaisin, tetirasaikilin da seftiriyakson, da sefoksitin na *S. aureus*. Malam ya ce in duba ranar ƙarewar kowane kwali a gaban mai kawowa kafin in biya. Idan sun iso Alhamis, shuka Juma'a da yamma, awo Asabar da safe.